Zangarniya Ɗaya Daga Barking

Tun ranar da na sauke akwati a tsakar gidanmu wayata ba ta huta ba. Ƙawayena na Islamiyya, 'yan ajinmu na sakandare, har da matar da ke yi mini kitso, tambayarsu ɗaya ce: yaya Landan, kuma yaya gonar? Na gaji da maimaitawa, kuma na lura duk wadda na ba labarin sai ta ƙara masa gishiri kafin ya isa kunne na gaba. Jiya na ji an ce wai a jirgi mai saukar ungulu aka zagaya da ni gonar. Shi ya sa na zauna na rubuta, wadda ta sake tambaya in tura mata.

Ga wadda ba ta san mafarin ba, Yayata Binta tana aure a Landan, a wata unguwa da ake kira Barking. Da ta haihu na biyu Inna ce ya kamata ta je, amma Inna ta ce ita da jirgi sai dai na Makka, shi ma don ba a zuwa a ƙafa ne. Sai aka nema mini biza. Akwai kuma dalili na biyu, sunansa Salisu. Abokin mijin Yaya ne, ya ga hotona a wayarta, ya nemi lamba, muka shafe watanni muna magana.

Ni kuwa a kan littattafan soyayya na taso, irin waɗanda muke haya a shagon bakin tasha, mu ɓoye a cikin littafin lissafi. A cikinsu na koyi duk abin da na sani game da maza, kuma babban darasin shi ne mai kuɗin gaske ba ya taɓa bayyana kansa. Yakan zo a kan tsohon babur da silifas ɗin wanka, ya ce shi ɗan aike ne, don ya gwada zuciyar yarinya. Sai a shafin ƙarshe a wangale get, ta ga motoci a jere, ta suma. Saboda haka da Salisu ya ce da ni bas yake tuƙawa, murmushi kawai na yi. Da ya ƙara da cewa yana da 'yar gona wadda ba ta ma kai a kira ta gona ba, sai na tabbatar. A ranar na canza sunansa a wayata zuwa Yarima.

Baba manomi ne, a Gwarzo muke. Da farko ya ce shi ba ya ba murya a waya 'yarsa. Jin akwai gona a maganar ne ya sa ya ɗan sassauta. Da safen da zan tafi ya kira ni zaure ya ce, "Zulai, kin ce yana noma. Kaka za ki tarar a can. Ki kawo mini abin da ƙasarsa ta ba shi, ko cikin tafin hannu ne, in gani da idona. Idan kika dawo hannu wayam, kada wani ya sake yi mini maganarsa."

Baba ba ya maimaita magana, kuma ba ya janye ta. Na ce to. A raina kuwa lissafin da nake yi shi ne buhu nawa jirgi zai yarda in ɗauko.

Na daɗe da tsara yadda zan bar gari: ina jikin taga, hawaye ɗaya yana gangarowa, iska tana kaɗa gefen mayafina. Abin da ya faru shi ne motar Kano ta cika, aka matse ni a gaba kusa da giya, da ƙullin garin kuka a cinyata, duk sanda direba zai canza giya sai in ɗaga gwiwa. A jirgi ma na sa ran wani dogon baƙo mai ƙamshi zai zauna kusa da ni. Bayan mun canza jirgi a hanya, wadda ta zauna ita ce Hajiya Memuna, 'yar zangon Kumasi mai shagon kayan miya a wani titin Landan, Old Kent Road. Ta cire takalmi, ta cinye burodinta ta cinye nawa, kafin a kwashe faranti ta gama tatsar labarina kaf. Da na bayyana mata yadda masu kuɗi ke ɓadda kama, ta dube ni da tausayi.

"Yarinya, London ba haka ba ne. Namiji in ya ce yana tuƙa bas, to yana tuƙa bas."

Na bar ta da ra'ayinta. Daga gani ba ta karatu.

A bakin shiga ƙasar mun yi layi irin na gidan mai, sai dai ba wanda ya tsallake wani, abin da ya sa layin ya fi gajiyarwa, don babu ko faɗan da za ka kalla. Jami'in ya tambaye ni wurin wa na zo da yaushe zan koma, tambaya ta biyun ya fi ba ta muhimmanci. Na wuce lafiya, sai wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa ya zo ya zauna a gaban akwatina kamar ya ga uwarsa. Ashe Inna ta cusa kilishi da man shanu a cikin zannuwa saboda mai jego, ba ta gaya mini ba. Aka kwashe su tas. Jami'in ya kwance wani ƙulli ya tambayi mene ne, kafin in haɗa Turancin ya kai hanci. Yajin jego ne, dakan Inna. Yana atishawa yana yi mini alama da hannu in tafi, in tafi.

A waje na tarar da mijin Yaya da Salisu. Na zaci furanni. Lema Salisu ya riƙo, da wata ƙatuwar rigar sanyi mai warin albasa. Bai kai tsawon da muryarsa ta yi mini alkawari ba, sanƙo ya fara leƙo masa, kuma akwai ƙasa a ƙarƙashin farcensa. Zuciyata ta buga, na ce lallai wannan ya iya ɓadda kama, har da farce. Muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, muka yi tafiyar da na zaci wani gari za mu. Mutane cike, gwiwa na gugar gwiwa, amma babu mai kallon wani, babu mai cewa sannu. Na gaida wata tsohuwa, ta ja jakarta jikinta.

Gidan Yaya yana cikin jerin gidaje masu kama ɗaya, a manne da juna, ta yadda na yi kwanaki ina ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabta. Ɗakin da aka ba ni, idan na buɗe hannuwa ina taɓa bango biyu. Wankan jego kuwa da butar lantarki ake yi, a tafasa a juye, a tafasa a juye. Ranar da na ce bari in yi wa Yaya turaren wuta kamar yadda Inna ta umarta, wani abu a silin ya fasa ihu, jariri ya taya shi, maƙwabciya ta fito da rigar barci da rana tsaka. Ita ce dai na kai wa kwanon dambu washegari don ban haƙuri, ta duba kwanon ta ce ba ita ta yi oda ba.

Abincinsu ba shi da laifi, sai dai kamar an dafa wa marar lafiya. Kifi da dankalin da ake ta yabo, na ci na jira ɗanɗano ya iso, bai iso ba, sai da na barbaɗa yajin da ya tsallake iyaka. Shayi kuwa suna shansa kamar an ɗora musu. A yi murna shayi, a yi rashi shayi.

Salisu yakan zo da la'asar idan ya tashi aiki, ya zauna a falo da mijin Yaya, ni ina gefe. A littafi saurayi turare yake kawowa da agogo. Shi leda yake kawowa, yau albasa, gobe alayyafo, jibi wani dogon abu kore mai kama da kabewar da ta yi rama. Yaya takan karɓa da murna ta ce albasar Salisu ba irin ta shago ba ce. Na tuna masa sharaɗin Baba, ya ce kada in damu, ya riga ya tanadi abin da zan kai, sai dai yana so ya bar shi har ranar ƙarshe. Na fahimta. Ba a loda buhuna sai mota ta zo.

Wata rana Amira, babbar 'yar Yaya, ta dawo daga makaranta ta ce an ce kowa ya kawo abin bikin kaka. Da Hausa ake yi mata magana, da Turanci take amsawa, kamar rediyo mai tasha biyu. Na yi farin ciki, na ce ashe su ma suna da kalankuwa. Na soma ba ta labarin tamu, yadda idan an gama ɗaure dammuna an cika rumbu samari da 'yan mata ke fita dandali, a yi kiɗa, a yi kokawa, a gasa tumu, aure da yawa daga nan yake farawa. Ina cikin bayani Yaya ta buɗe kabad, ta zaro gwangwanin wake da na tumatir, ta juya su ta duba wanda ya kusa lalacewa, ta jefa a jakar yarinyar. Na ce ina amfanin gonar? Ta ce shi ke nan. Gwangwanayen makaranta ke tarawa ta kai inda ake raba wa marasa hali, wurin da suke kira food bank. Ban san akwai marasa hali a Landan ba. Babu littafin da ya faɗa.

Ranar Asabar Salisu ya ce zai nuna mini gonar. Na sa leshi, na ɗaura ɗankwali mai hawa. Muka hau bas, ya gaisa da direban da suna, na ce a raina har 'yan wasa ya ɗauka. Muka sauka muka bi wani lungu a bayan layin dogo, sai ga get na ƙarfe da kwaɗo. Numfashina ya tsaya. Na gyara tsayuwa yadda idan na suma zan faɗi ta gefen da babu taɓo.

Ya buɗe. Wani fili ne da aka yanka ƙanana-ƙanana kamar an shimfiɗa tabarmi a masallacin Idi, kowane yanki da ɗan ɗakin katako mai girman banɗaki. Allotment suke ce masa. Council, wato ƙaramar hukumarsu, ke ba da haya, kuma Salisu ya ce shekaru ya yi a layi kafin wani tsoho ya rasu nasa ya faɗo masa. Ya tsaya a gaban wani yanki da tsakar gidanmu ta fi shi, ya ce ga ta. Akwai kabewa, albasa, dankali, alayyafo, da yakuwa mai kama da tana jin sanyi. A can ƙurya ya kafa wata 'yar rumfar leda. Ya ɗaga ledar a hankali kamar mai buɗe fuskar amarya. Karan gero ne guda, dogo, da zangarniya ɗaya a kansa.

Ya ce mahaifiyarsa ce ta ƙulle masa irin a tsumma ranar da zai baro gida, ta rasu bai koma ba. Kowace shekara yana shukawa, karan ya yi tsawo, sanyi ya kashe shi kafin ya fid da kai. Bana ne kawai ɗaya ya yi. Na ce Allah sarki, da muryar da ta dace. Idona kuwa yana bayan shinge, ina neman hanyar da ke zuwa babbar gonar.

A nan na haɗu da Doreen, tsohuwar Baturiya mai yankin da ke jikin nasa. Tana zaune a kan bokiti tana kitsa karan alkama, yatsunta suna gudu kamar na mai kitson Sallah. Ita ce shugabar shirya bikin kaka na masu allotment, kuma ita ta ba ni tarihinsa, Salisu yana cike mini inda Turancina ya zube. Ta ce kakanninta 'yan ƙodago ne a ƙauye. A zamaninsu duk gari ke fita girbi tare, kuma damin ƙarshe kowa tsoron yankansa yake yi, don sun ɗauka kurwar amfanin gona a cikinsa take ɓuya idan an kore ta daga sauran gonar. Sai a kitsa shi a yi 'yar tsana, a rataye ta a ɗaka ta sha ɗumi har sanyi ya wuce, ranar shuka a binne ta a kunya ta farko. Mai gona kuma ya yi wa ma'aikata walima lokacin da wata ya cika. Daga baya limamansu suka shigar da abin coci ya zama godiya ga Allah. Daga baya inji ya karɓi girbin, mutane suka koma birni, aka bar su da waƙoƙin da gwangwani. Ta ce ita ba ta yarda da zancen kurwa ba, amma ba ta taɓa tsallake shekara ba, don ba a sani ba.

Na ba ta labarin gayya da zakkar amfanin gona, ta ce to ai duk abu ɗaya ne. Na ce a'a, namu da ganga.

Ana gobe biki, ranar da ake tattara abin da kowa zai bayar, aka canza wa Salisu lokacin aiki. Ya kawo mini makulli ya ce in je in ba su Doreen abin da ya dace, kabewa ko biyu da 'yar albasa. Ina riƙe makullin nan komai ya haskaka mini. Wannan ita ce jarrabawar ƙarshe. Na san ta, na karanta ta ba sau ɗaya ba. Ana ba yarinya amanar ɗan abin da saurayi ya ce shi ne duk arzikinsa, a laɓe a ga ko mai rowa ce. Wadda ta bayar duka ita ake buɗe wa get.

Na ce su kwashe komai. Doreen ta tambaya ko na tabbata, na ce na tabbata. Wasu tsofaffi biyu suka kawo baro, aka tone dankali, aka tsinke kabewa, aka tumɓuke albasa, har yakuwar ban bari ba. Da aka zo rumfar leda Doreen ta ce wannan kam a bar masa. Na karɓi almakashinta na yanke zangarniyar da hannuna, na ce yana da irinta jibgi a ɗaya gonar. Ta ɗaga gira, amma Bature ba ya tambayar abin da bai shafe shi ba. Sai ma idonta ya kawo ruwa, ta ce bana wannan ce damin ƙarshe, da ita za ta yi kan 'yar tsanar.

Bikin a wani zaure aka yi, jikin coci, ranar Lahadi da rana. Mu ba mu shiga ibadarsu ba, daga waje muka ji suna rera waƙar huɗa da shuka, mutanen da rabinsu ba su taɓa riƙe fartanya ba. A zauren an jera dogon tebur. Gwangwanaye sun yi tsauni, ga taliya, ga shinkafar leda, har da man goge baki, duk amfanin gona. Wasu dattawa suna auna albasa da tef ɗin tela don a ga ta wa ta fi girma, fuskarsu kamar alƙalai. A bakin ƙofa an tsayar da mutum-mutumi sanye da kwat da ta fi ta angwayen garinmu. A tsakiya kuma ga wani ƙaton burodi da aka yi shi da siffar damin alkama, kuma a jikinsa, da gangan, an manna ɗan ɓera na ƙullu. Na tambaya ko kuskure ne, aka ce a'a, al'ada ce, ba a yi sai da shi. Na tuna Baba da yaƙin da yake yi da ɓeraye a rumbu kowace shekara, na ce waɗannan mutane ba su taɓa jin yunwa ta gaske ba, ko kuma sun ji sun manta.

Salisu ya shigo da kayan aiki a jikinsa. Ya ga kabewarsa a tebur ya yi murmushi. Ya ga ta biyu, ya ga ta uku, murmushin ya fara raguwa. Ya ga yakuwa. Sannan ya ɗaga kai ya ga 'yar tsanar a rataye sama da burodi, jikinta alkama, kanta zangarniyarsa, an ɗaura mata jan ƙyalle a wuya.

Ya daɗe yana kallo. Ya matso ya tambaye ni a hankali wa ya yanke ta. Na sunkuyar da kai kamar yadda ake yi a wannan shafin.

"Ni ce. Ai na gane tun tuni, Yarima. Ka daina wahalar da kanka haka nan, ka kai ni babbar gonar."

"Wace babbar gona?"

"Ta gasken."

"Zulai, wannan ita ce ta gasken. Bas ɗin ma ba nawa ba ne, tuƙawa kawai nake yi." Ya sake duban sama. "Ita na ajiye wa Baba."

A nan ya kamata in suma. Amma ƙasan siminti ne mai sanyi, kowa hannunsa riƙe da kofin shayi, babu mai tare ni. Na tsaya a kan ƙafafuna ina jiran ya yi faɗa, don a littafi a nan saurayi ke finciko hannun yarinya idonsa ya kaɗa ya yi ja. Shi kuwa juyawa ya yi. Ya je ya taya tsofaffin nan jera kujeru, ɗaya bayan ɗaya, har da daidaita waɗanda suka karkace. Na tsaya ina kallon bayansa da ɗan sanƙonsa, wannan shafin kam ban taɓa karanta irinsa ba. Na je na ɗauki kujera ni ma, da leshina.

Tafiyata saura 'yan kwanaki, yankinsa ya zama kamar an yi shara, kayan teburin kuma da safe aka kwashe zuwa food bank. Yaya ta ce abu mai sauƙi, a je Old Kent Road a sayi gero a ƙulla mini. Mijinta ya ce geron shagunan can daga kasuwar Dawanau ake kawo shi, ba mamaki Baba ya gane nasa. Salisu ya ce ko da ba zai gane ba, shi ba zai fara surukuta da geron shago ba.

Sai na koma wurin Doreen na zayyana mata komai, har da littattafan. Ta yi dariya har ta nemi wurin zama. Da ta ji sharaɗin Baba kuwa ta nutsu, ta ce kakanta da zai so mutumin nan. Amma 'yar tsanar ta ƙungiya ce, a ɗakin ajiyarsu take kwana har lokacin shuka, ba a taɓa ba wani ita ba, dole sai kwamiti ya zauna. Suka zauna, da shayi. Wani dattijo ya ce babu wannan a dokokinsu, wata ta ce babu kuma inda aka hana. Aka ɗaga hannu, na ci. Doreen ta naɗe ta a jarida ta miƙo mini da sharaɗi ɗaya: lokacin shuka ta shiga ƙasa, ko ƙasar ina ce.

A filin jirgi na jira kalaman bankwana, irin masu sa a jiƙa shafi. Salisu ya karɓi rigar sanyinsa, ya ce in kula da kan 'yar tsanar kada ya karye. Har na juya ya ƙara da cewa, "Ko Baba ya ce a'a, ki roƙe shi ya shuka ta." Na yi kukan da na tsara yi a motar Kano, sai dai wannan bai tsaya a hawaye ɗaya ba, kuma bai yi kyan gani ba.

A Kano jami'in da ya buɗe jakata ya warware jaridar, ya ga abu mai hannuwa da jan ƙyalle, ya yi a'uziyya, ya rufe jakar da kansa ya ce in wuce. A gida Inna ta ce wannan tsafi ba zai kwana a ɗakinta ba, kuma ina kilishinta ya tafi. Baba na tarar a bakin rumbu, dammunan bana jibge a bayansa sun fi tsawona. Na durƙusa na ajiye 'yar tsanar a gabansa. Ban taɓa ganin abu ya ƙanƙance haka ba.

Na ba shi labari yadda ya faru, ban rage ba. Bai katse ni ba sai a wurin ɓeran burodi, inda ya sa na maimaita. Ya zare zangarniyar daga wuyan 'yar tsanar, ya murza a tafin hannu, ya hure ƙaiƙayin. 'Yan ƙwayoyi suka rage, ƙanana. Ya jefa ɗaya a baki ya tauna. Ya tambayi shekara nawa yana shuka ta, na ce tun zuwansa ƙasar. Ya tambaya ko da na yanke ta ya zage ni, na ce kujeru ya jera.

"Wannan ai maiwa ce," in ji Baba. "Ko a nan sai ta ga dama take nuna, bayan kowa ya gama girbi. Mutumin da ya yi shekaru yana jiran maiwa a garin da rana ba ta fita, ranar da ta yi kai kika bi ta da almakashi, bai ɗaga murya ba, to zai iya zama da ke. Ki ce ya turo magabatansa."

Ya ƙulle ƙwayoyin a gefen rawaninsa. Na gaya masa sharaɗin Doreen, ya ce matar ta san abin da take yi, a soke karan a saman rumbu inda akuya ba za ta kai ba, sai ruwan farko.

To kun ji labarin gona. Masu tambayar mota kuma, ja ce, hawa biyu, babu angon da ya taɓa zuwa unguwarmu da mai girmanta. Idan Allah ya kai ku Barking ku tsaya a bakin titi ku ɗaga hannu, zai tsaya muku.